Motata Ta Maƙale a Giya ta Uku, Aka Ce In Ɗauki Direba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu gyaran mota ta Parakou da Djougou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk masu garejin da ke ƙarƙashin inuwarka. Ranka ya daɗe, na rubuta da Hausa ne saboda Faransancina na hanya ne, ya isa in gaisa da jandarma amma bai isa in kai kuka ba. Na kuma bar wasiƙar a buɗe don direbobi da makanikai su karanta tare da kai, tunda maganar ta shafe mu duka.

Tun farko ina so ka san cewa mai farin ciki ne ke rubuto maka. Motata ta gyaru, tana ƙofar gida yanzu haka, tayoyinta jawur da laka saboda aiki. Sai dai akwai abin da aka yi mini kafin ta gyaru, kuma a garejin da ke da allon ƙungiyarku a bakin ƙofa aka yi shi. Idan na yi shiru, gobe za a yi wa wani wanda ba shi da abokai irin nawa.

Na farko: ko ni wane ne, kuma me ya sa nake tuƙa otomatik.

Sunana Salifu, haifaffen Djougou. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a nan suka zauna. Ni na gaji tafiyar, amma da babbar mota na yi tawa. Tun ina saurayi nake jan kaya daga Kwatano zuwa arewa, har furfura ta fara fito mini a kan wannan hanya. Wata rana ina canza taya a gefen titi, jak ya zame, motar ta sauko a kan ƙafata ta hagu. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma sai da aka yanke ta daga saman gwiwa.

Na yi shekaru a zaune. Matata Hajara ce ta riƙe gidan da sayar da wagashi, wato cukun nono, da koko, ba ta taɓa goranta mini ba. Ni kuwa in na ji ƙugin babbar mota daga titi, sai in gane giyar da direban ya sa, in gane ko ya iya ko bai iya ba, in yi ta surutu ni kaɗai. Hajara ta gaji da jin haka, ta kai maganar wurin yayanta mai harkar motoci a Kwatano. Shi ya ce akwai motar da ba ta buƙatar ƙafar hagu. Na san da otomatik mana, amma a lokacin da nake da ƙafa biyu ina kiranta motar malalata. Dangi suka haɗa hannu aka samo mini ƙaramar a-kori-kura, irin wadda muke kira bashe, mai feda biyu kacal, totur da birki.

Ranar da na fara juya sitiyarinta a filin bayan gidanmu, Hajara ta rufe fuska da gyale tana dariya tana kuka. Tun daga nan nake ɗauko wa matan kasuwa doya da masara daga ƙauyukan Kolokondé da Onklou. Shugabarsu Maman Rashida ce ta fara amincewa da ni, sauran suka bi. Don haka, ranka ya daɗe, in na ce maka otomatik, ba kwalliya nake nufi ba. Abincin gidana ne, kuma ita ce dalilin da ya sa yara suka koma kirana direba.

Na biyu: abin da ya sami motar.

A daminar da ta wuce, lokacin da sabuwar doya ta fara fitowa, hanyar Kolokondé ta lalace kamar yadda ta saba. Na ratsa wani kwari da ruwa ya kwanta, laka har ƙasan ƙofa. Na fita lafiya. Bayan kwana kaɗan sai na fara jin canji. In ta tashi shiga giya ta biyu sai ta yi jinkiri, injin ya yi ƙara, sannan ta shiga da bugu kamar an tunkuɗe ni daga baya. Allurar gudu ta fara rawa, wani lokaci ta faɗi ƙasa alhali ina tafiya. Daga baya wata fitila ta kama a gabana. Ranar kasuwar da ta biyo baya kuwa, ina ɗauke da doya, motar ta maƙale a giya ta uku ta ƙi sauka ta ƙi hawa. Tashi daga tsaye ya zama kamar tayar da tsohon jaki, a kan tudu kuwa sai da matan suka sauka suka bi ta a ƙafa.

Ni tsohon direba ne, na lura da duk waɗannan alamu, na kuma riƙe su a kaina don in faɗa wa mai gyara.

Na uku: abin da aka yi mini a gareji, wanda shi ne kukana.

Ba zan faɗi sunan garejin ba, ba zan kuma faɗi sunan maigidan ba. Mutum ne mai iyali, kuma a gyaran injin hannunsa na da kyau, na sani. A zuwana na farko na fara lissafa masa alamun, bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce mai ne ya yi ƙasa. Bai tayar da injin ba, bai zaro ma'aunin mai ba. Aka ɗauko wata jarka marar rubutu aka tuttula a buwat, wato akwatin giya, aka ce in tafi. Na tafi, ba abin da ya canza, sai ma wani wari da ya ƙaru.

Da na koma, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, “Baba, otomatik ba motar ƙasarmu ba ce. In ta fara haka ta mutu ke nan. Mu cire mu sa maka ta hannu ka huta.”

Na ɗaga rigata na nuna masa inda ƙafata ta tsaya, ko da yake da sanda ya ga na shigo. Na ce, “Da me zan taka kuloc?”

Ya yi murmushi ya ce, “To ai sai ka ɗauki direba.”

Ranka ya daɗe, an faɗa mini maganganu da yawa tun da na rasa ƙafa, amma ba wadda ta zauna mini a ƙirji kamar wannan. Ba da mugunta ya faɗa ba, na yarda. Sai dai ya faɗa ne a gaban mutane, ga wanda ya fara tuƙi tun shi bai iya ɗaure wando ba. Na haɗiye, na ce masa a fili kada a taɓa komai, zan bar motar ta kwana in yi shawara da iyalina.

Washegari da safe na hau zem, wato babur ɗin haya, na dawo. Na tarar an cire sandar giya da murfinta an zube a kujerar baya. An zana alli a ƙasan sitiyari, inda za a huda a ɗaura fedar kuloc. Ga wata tsohuwar buwat ta hannu an ajiye a kan taya tana jiran a ɗora. Na tambaya wa ya ba da izini. Maigidan ya ce ai taimakona yake yi, ya samo kayan da wuri kafin wani ya riga ni, kuma duk wanda ya kawo otomatik ƙarshenta nan yake komawa.

Ban yi faɗa ba. Na buɗe ƙofa na zauna a kujerata, na gitta sandata a bakin ƙofar, na ce ba zan sauka ba sai an mayar da kowace ƙusa inda aka ciro ta. Labari ya kai kasuwa. Kafin hantsi Maman Rashida ta iso da mata kusan cikin mota guda, suka shimfiɗa zannuwa a inuwar garejin suka zauna. Ba su zagi kowa ba. Ɗaya ma ta buɗe tiren gyaɗarta ta fara ciniki da masu jiran gyara. Maman Rashida ta dubi maigidan ta ce, “Ɗana, mun yi wa manoma alkawari, doyarmu na can a gona tana jira. In ka huda motar nan, kai za ka ɗauko mana ita a ka.” Kowa ya yi dariya har da shi, ya sa aka mayar da komai.

Don kada a ce na ɗora wa mutum ɗaya laifin jama'a, ka sani na aika tambaya wasu gareji biyu a garin. Amsar iri ɗaya ce: a cire a sa ta hannu. Ba wanda ya tambayi yadda ciwon ya fara.

Na huɗu: abin da na gani a Banikanni.

Ina da aboki, Zakari, wanda muka yi hanyar Kwatano tare shekara da shekaru, shi har yanzu yana kan babbar mota. Ya ji labari ya zo gida. Ya ce ya san wani makanike, Metir Bio, a unguwar Banikanni ta Parakou da ke duba irin waɗannan motoci, kuma jibi zai wuce can ba kaya. An ba ni shawarar a ja motar da igiya, na ƙi, don na san otomatik ba a jan ta nesa tayoyinta na ƙasa injin a kashe. Tana iya jan jiki da giya ta uku, amma na ji tsoron in ƙone ta kafin in isa. Sai muka kai ta tudun da ake loda shanu, na tuƙa ta da kaina a hankali ta hau bayan motar Zakari, aka ɗaure.

Ni kuma aka tallafe ni na hau gaban babbar mota, karo na farko tun ranar da jak ya zame. Na ɗauka zan ji tsoro. Maimakon haka, muna fita gari na fara gyara wa Zakari tuƙi, ina ce masa ya makara da canza giya. Ya ce, “Ashe bakin ba a yanke ba.” Haka muka yi ta tsiya da tuna baya har Parakou, ban san lokacin da muka iso ba.

Metir Bio ɗan yankin Parakou ne, Hausarsa gauraye da yaren Dendi da Faransanci, amma mun fahimci juna sarai. A bakin garejinsa akwai allon ƙungiyarku, iri ɗaya da wancan na Djougou. Abin da ya fara yi shi ne ya jawo mini benci, ya zauna kusa da ni, ya ce in ba shi labari daga farko. Na faɗa masa kwarin ruwa, da jinkirin giya ta biyu, da allurar da ke rawa, da fitila, da jarka marar rubutu. Da na ambaci allura sai ya ɗaga yatsa ya ce in maimaita wannan.

Daga nan ya sa aka ajiye motar a wuri mai lebur, ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi. Ya taka birki ya zagaya da sandar giya kowane gurbi, ya mayar da ita wurin tsayawa, sannan ya zaro ma'aunin mai injin na aiki. Ya goga a farin ƙyalle ya nuna mini. Man ya wuce alamar cika nesa, ya yi kumfa, launinsa ba ja ba ne kamar yadda ya kamata. Ya shinshina, ya miƙo mini ni ma na shinshina. Ya ce an haɗa mai iri biyu kuma an cika fiye da ƙima, amma bai ji warin ƙuna sosai ba, wannan alama ce mai kyau.

Sai ya ɗauko na'urar da suke kira valiz ya jona a ƙasan sitiyari. Ya karanta abin da ta nuna, ya juyo ya yi mini bayani da misalin da zan gane. Ya ce otomatik tana da ƙwaƙwalwa, ita ke yanke shawarar lokacin canza giya, kuma tana dogara da wani ɗan ƙaramin abu a jikin buwat, kaptar, wanda ke gaya mata gudun da motar ke yi. In labarin ya daina zuwa, ƙwaƙwalwar ba ta san me za ta sa ba, sai ta tsaya a giya ɗaya don kada ta yi ɓarna. “Motarka ba mutuwa ta yi ba, Baba,” in ji shi. “Kare kanta take yi.”

Bai tsaya ga maganar na'ura ba. Ya shiga rami da fitila, ya daɗe, sannan ya kira ni in leƙo. Na kwanta a kan kwali na leƙa. Soket ɗin kaptar ɗin cike yake da busasshiyar laka, ƙarafunan ciki sun yi kore, kuma ɗaya daga cikin wayoyin ta goge saura zare biyu ko uku. Ya kwance farantin ƙasan buwat, ya nuna mini maganaɗisun da ke ciki. Ɗan baƙin gari ne kawai a jikinsa, babu gutsuren ƙarfe. Ya ce da cikin ya lalace da a nan za mu gani. Matacin man kuwa ya tsufa, ya toshe rabi.

Aikin da aka yi ke nan: ya gyara wayar ya naɗe ta, ya sa sabon kaptar da sabon mataci, ya zubar da gaurayen man ya zuba irin wanda aka rubuta wa motar. Ya zagaya da ita kaɗan, ya sake zubarwa ya sake zubawa don ragowar tsohon ya fita. Ba a sauke buwat ba, ba a huda ko'ina ba.

Da aka gama ya goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar, ya miƙo mini makulli ya ce ni zan tuƙa, shi zai zauna gefe da valiz a cinya. Muka fita cikin cunkoson Banikanni, zem ta ko'ina. Na taka totur a hankali. Ta ɗauka da giya ta ɗaya, ta miƙa wa ta biyu ban ji komai ba sai sautin injin da ya sauka. Da muka samu fili ta shiga ta uku, sai ta huɗu. Na ji idona ya cika. Metir Bio ya yi kamar yana duba na'urarsa har na gama share fuska, sannan ya ce in taka da ƙarfi mu ga ko za ta sauko da giya. Ta sauko nan take, har ya dafe ƙofa yana dariya.

Na biyar: komawa gida.

Ni kaɗai na tuƙo ta daga Parakou zuwa Djougou, gilashi a buɗe, gonakin doya da dawa kore shar hagu da dama. Duk tudun da na tunkara sai in kasa kunne, ita kuwa ta zaɓi giyarta daidai inda ni ma zan zaɓa da a ce da hannuna ne. Ban wuce gida kai tsaye ba, na bi ta bakin kasuwa na danna oda. Matan suka taso da guɗa, Maman Rashida ta buga bonet da tafin hannu ta ce gobe da asuba Kolokondé. Washegari muka kwaso doyar ba ko ɗaya da ta ruɓe. A ranar Hajara ta daka sakwara da sabuwar doya, ta aika wa Zakari kwano, ta aika wa maƙwabta, gidan ya cika kamar ana suna.

Akwai wani abu da ya faru bayan haka da ya sa na ga ya dace in rubuto. Ina wucewa ta gaban wancan gareji da lodi, maigidan ya tsayar da ni. Ya zagaya motar, ya ce in ɗan rage masa hanya. Ya shiga ya zauna yana sauraren giya tana canzawa. Da zai sauka ya ce, “Me aka samu a ciki?” Na faɗa masa duka. Ya sa na maimaita sunan kaptar ɗin da inda yake. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma na ga mutum mai son ya sani, wanda ba a taɓa koya masa ba. Wannan kuwa, ranka ya daɗe, aikin ƙungiya ne.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙo ku kafa doka tsakaninku cewa ba a kwance komai a motar mutum sai da yardarsa, balle a mayar da otomatik ta hannu. A tambaye shi dalilin da ya sa yake tuƙa ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ni kaɗai ba ne: akwai dattawa masu ciwon gwiwa, akwai waɗanda shan inna ta taɓa, akwai mata da yawa da suka koyi tuƙi a kanta.

Ina roƙo duk wanda bai san otomatik ba ya ce bai sani ba, ya nuna wa mai mota inda zai je. Ba abin kunya ba ne. Ni na yi shekaru a hanya ban san abin da ake kira kaptar ba.

Ina roƙo ƙungiya ta duba yiwuwar samar da valiz ko da guda ɗaya a Djougou, wadda masu gareji za su riƙa amfani da ita tare, a kuma gayyato irin su Metir Bio su zo su koyar da awon mai da karatun alamu. Na tambaye shi, ya ce in ƙungiya ta kira shi zai zo. Ranar da za a yi, ni zan je in ɗauko shi, kuma motata na nan a buɗe ta a koya a kanta, da sharaɗin a mayar da kowace ƙusa.

Na ƙarshe, a daina zuba wa otomatik mai daga jarka marar suna. Kowace buwat da irin manta.

Ba na neman a hukunta kowa, ba na neman a biya ni komai. In ka samu sarari ka zo Djougou ranar kasuwa, ka zo da wuri. Zan roƙi Maman Rashida ta bar maka kujerar gaba, wadda ba ta taɓa bar wa kowa ba, mu je Kolokondé ka ga mutanen da ke cin abinci daga gyaran waya guda ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe wannan amana da adalci. Allah ya sa albarka a hannun kowane mai gyara, wanda ya sani ya ƙara masa, wanda bai sani ba ya buɗa masa. Allah ya tsare direbobi da fasinjojinsu a kowace hanya, ya kai kowa gida lafiya.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Salifu, direban doya,
Djougou.